Ƙararrawar Kanela

Litinin 3 ga Yuni, da yamma

Mun taso lafiya. Baƙi uku, alfadarai biyar, sai goɗiyarmu Kanela a gaba da ƙararrawa a wuya, tana taku kamar ubanta ne ya share hanyar. Mijina Epifanio ne madugu, ni ce mai tukunya, 'yarmu Herminia kuma ita ce jagorar baƙi, tunda ta yi makaranta a birnin Kusko ta iya yarensu. Mako uku ke tsakaninmu da mashigar tsaunin Yanarumi.

Jiya muna ɗaure buhunan dankali ta ja ni bayan ɗaki.

"Mama, na yarda Baba ya zo, amma idona na kansa. In na ga wani abu, ranar kasuwar Wayrapata zan sa shi a mota ya sauka. Daga gida sai wajen likita."

"Wani abu kamar me?"

"Kin sani."

"Ban sani ba."

Yarinyar da na goya a kan wannan hanyar, wai ita ce za ta sa ubanta a mota kamar buhun masara. Ta manta yadda ake yi ne? Madugu ba ya ajiye aiki a tsakar gida. Sai ya kai ayari Yanarumi da ƙafarsa, ya kwance ƙararrawa daga wuyan goɗiya da hannunsa, ya ba magajinsa. Haka ubansa ya yi masa, shi ma tun bikin Ista ya faɗa a gaban mutane cewa bana zai yi. Wanda aka kwance wa a bayan ido kuwa, ai mun ga yadda tsohon madugu Don Saturnino ya ƙare, kullum a bakin kanti yana kallon takalmansa, yara na kiran sunansa gatsau.

Tsohona zai kai Yanarumi. Lafiyarsa ƙalau. Ya ci abinci sosai.

Talata 4 ga Yuni, da hantsi

Shekara talatin da ɗoriya muna yi wa alfadarai lodi tare, shi a dama, ni a hagu. Ya ɗaure wa dabba ido da jan ƙyallen nan nasa, ta tsaya cik kamar an dasa ta, don alfadarin da aka rufe wa ido ko wuta ta kama ba zai ɗaga ƙafa ba. Mu ɗora akumari, mu ɗora kaya, ya wurgo mini igiya ta sama, in mayar masa ta ƙarƙashin ciki, ya kafa ƙafa ya ja, ya ƙulle. Sannan ya zare ƙyallen, ya ɗan mari cinyar dabbar ya ce, "Tafi, ɗan'uwa."

Yau ƙullin Obispo bai kama ba. Obispo shi ne babban alfadarinmu mai tumbi, shi ke ɗaukar abinci. Laifin igiya ne, sanyi ya sa ta yi tauri. Da tsoho ya wuce wajen na gaba sai na zagaya na sake ƙullawa. Babu wanda ya gani.

Alhamis 6 ga Yuni, rana tsaka

Baƙin nan sun ce su za su goyi jakunkunansu, dabbobi su ɗauki abinci da tantuna kawai. Epifanio ya dube su suna haki a hawan farko, ya ce, "Tsohuwa, na ɗauka alfadarai biyar muka fito da su, ashe takwas ne."

Akwai wani Baturen Holan da muka sa wa Dogo. Ya yanke mariƙin buroshin haƙorinsa wai don rage nauyi, ga shi da kyamara a ƙirji mai nauyin jinjiri. Matarsa ba ta magana, sai murmushi da cin gasasshiyar masara, in ban ɓoye buhun ba ba za mu kai Wayrapata da ko ƙwaya ɗaya ba. Sai Donya Dalva, 'yar Barazil, sa'ata ce, kai fal furfura, jakarta ta fi ta tsawo. Ita tana jin yarenmu na birni, muna hira.

Ƙafafunta duk sun yi bororo. Da ta cire takalma na ga safa uku a kowace ƙafa, na ce baiwar Allah, waɗannan ai jirage ne ba takalma ba. Ta yi dariya ta ce na mijinta ne, ya rasu bara, shi ya so zuwa nan. Na shafa mata kitsen tunkiya, na cusa mata ulu a gaban yatsu.

Asabar 8 ga Yuni, da yamma

Da safe safar Dogo da ya shanya ta daskare, ta tsaya da ƙafarta a kan dutse. Ya ɗauki hotonta ta kowane ɓangare.

Mun haye mashiga ta farko. Kowa ya ɗauko dutsensa daga kwari ya ɗora a kan tsibin da ke saman, a gaida tsauni. Tsoho ya fito da biyu daga aljihu, nasa da nawa. Tun shekarar aurenmu na ce masa wadda ke ɗauke da tukwane ba ta ƙara dutse a kai, shi ke nan ya ɗaukar wa kansa har yau.

A gangara ya kira Obispo da sunan Lusero. Herminia ta juyo. Lusero, tsohon alfadarinmu, ya mutu tun tana firamare. Na ce, "Ai kama suke, ni ma jiya haka na kira shi." Ta ce, "Lusero fari ne, Mama."

To, fari ne. Sai me?

Ya ci abinci sosai.

Lahadi 9 ga Yuni, da hantsi

Ƙulli uku na sake ƙullawa yau. Igiyoyin bana ba su da kyau.

Litinin 10 ga Yuni, gab da faɗuwar rana

Rana mai daɗi, ina so in rubuta ta duka kada ta gudu.

Mun sauka da wuri a bakin rafi. Baƙi suka wanke kayansu suka baje a rana kamar ƙadangaru. Tsoho ya naɗe wando ya shiga ruwan nan mai yankan ƙashi, ya kamo kifi da hannu a ƙarƙashin duwatsu yadda yake yi muna saurayi da budurwa. Matar Dogo ta yi tafi, har ta yi magana, kalma ɗaya, ba mu san ma'anarta ba amma mun yi murna.

Na soya kifin da dankali, na yi miyar kinuwa, hatsin nan namu na kan tsauni. Ya ɗanɗana ya yamutsa fuska.

"Tsohuwa, gishiri kika sa ko ke ce kika faɗa ciki?"

"In ba ka so, Obispo na so."

"Obispo bai aure ki ba, me ya yi da za a hukunta shi?"

Herminia ta yi dariya har ta ƙware. Rabon da in ji dariyarta irin wannan tun kafin Ista. Bayan na gama wanke-wanke hannuwana sun sandare, ya kama su ya cusa a hammatarsa a ƙarƙashin bargo, a gaban baƙi, ko kunya babu. Na ce sake ni, tsohon banza. Bai sake ba, ni ma ban ja ba.

Ya ba Dogo labarin kowane tsauni da ke gabanmu, suna bayan suna, ko ɗaya bai kuskure ba. Na kalli Herminia don in tabbata tana ji. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, har abin na ba ni haushi.

Laraba 12 ga Yuni, da yamma

Ƙafafuna ba nawa ba ne. Bari in faɗa yadda aka yi.

Da safe mun gama lodi, saura a zare wa Obispo ƙyalle, sai Donya Dalva ta kira ni, ƙafarta ta fashe. Na tafi wajenta. Da na gama, ayari ya riga ya miƙa, ina jin ƙararrawa a gaba, na bi baya tare da ita a hankali. Hanyar ba ta bi ta wajen da muka yi lodi ba.

Sai da rana ta take muka tsaya cin abinci, na nemi buhun cuku. Babu cuku, babu dankali, babu Obispo.

Epifanio ya ƙirga dabbobi, ya sake ƙirgawa, ya shafa aljihun da yake sa ƙyalle. Fuskarsa kuwa, a'a, ba zan rubuta fuskarsa ba.

Na ce ni zan koma, ni na san inda muka yi masa lodi. Na koma da sassarfa, hawa da gangara, ina roƙon Budurwa Maryamu kada ya zama ya faɗa rami. Da na ɓullo zangon, ga shi nan daidai inda muka bar shi. Kaya a baya, jan ƙyalle a ido, rabin yini yana tsaye a rana, ƙudaje na yawo a kunnensa. Ya ji ƙararrawa ta tafi ta bar shi, amma bai ɗaga ƙafa ba, yana jiran hannun da ya saba. Na zare ƙyallen, ya ƙifta ido ya dube ni. Na mari cinyarsa na ce, "Tafi, ɗan'uwa." Na rungume wuyan dabbar nan mai warin gumi na ɗan jima a haka.

Da muka iso sabon zango Herminia na jira a bakin hanya.

"Ni ce," na ce. "Na ce wa babanki ya tafi zan zare, sai ƙafar baƙuwa ta ɗauke mini hankali."

"Mama, tun da aka haife ni ban taɓa ganin wani ya taɓa ƙyallen nan ba sai shi."

"To yau kin gani."

Ta karɓi igiyar Obispo ba ta ƙara kallona ba. Na maida wa tsoho ƙyallensa a aljihu yana gyangyaɗi. Bai ci abinci sosai ba, amma tafiyar yau da tsawo, kowa ma bai ci ba.

Alhamis 13 ga Yuni, da safe

'Yata ta ce mini "Donya Zenobia" maimakon Mama a gaban baƙi. Saura kwana biyu kasuwa.

Juma'a 14 ga Yuni, da la'asar

Ina feren dankali Donya Dalva ta zo ta zauna, ta ɗauki wuƙa ba tare da na ce ba. Fere take kamar mai jin haushin dankalin, rabi na tafiya da ɓawo. Can ta ce, "Nawa mijin da makullai ya fara. Sai in same su a cikin tukunya."

Na ce, "Ban tambaye ki ba."

Ta ce, "Haka ne." Ta ci gaba da fere.

Da na zuba abinci na sa mata cuku fiye da na kowa. Ta gani, ta ci abinta. Matar tana da hankali, ferenta ne dai sai a hankali.

Asabar 15 ga Yuni, da yamma, Wayrapata

Tun daga kan tudu na hango motar a gefen coci, babbar mota mai shuɗin katako.

Baƙi suka bazu neman wanka da ruwan zafi da wurin cajin waya. Ni na sayi albasa, gishiri, masara, ganyen koka na tauna, ina ciniki ina raba ido. Herminia ta same ni wajen mai cuku.

"Na yi magana da direba. Da la'asar zai tashi. Ku tafi tare, zan ɗauki mutum biyu a nan su ƙarasa da ni."

"Ƙararrawar fa?"

"Mama, ƙarfe ne. Ran Laraba Obispo, gobe wa? In Baba ne ya tsaya a wani wuri babu wanda ya sani fa? Kin fi son a ce masa madugu a kan akwatin gawa?"

Na faɗa mata maganganu a gaban mai cuku, irin waɗanda uwa ba ta faɗa wa 'ya. Na ce birni ya cinye mata zuciya. Na ce gaggawar gado take. Wannan ta ƙarshen ƙarya ce, na sani tun tana bakina. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Zan faɗa masa da kaina." Ta nufi garken da muka ɗaure dabbobi, na bi ta daga nesa na laɓe a bayan katanga kamar ɓarauniya.

Yana zaune a kan akumari, Kanela ta sunkuyo da kai a kafaɗarsa. Ya samo toka da tsumma yana goge ƙararrawar a wuyanta, yana hura mata iska, yana sake gogewa. Da ya ga Herminia sai ya washe baki.

"Minita, zo ki gani. Kakanki ya ba ni ita baƙa ƙirin, sai da na yi mako ina kankarewa. Ni ba zan ba da tawa da datti ba."

Ta tsaya. Sai ta durƙusa ta riƙe masa kan goɗiyar, shi yana gogewa yana ba ta labarin shekarar da ƙanƙara ta rufe Yanarumi. Labarin ya ba ta shi sau biyu a jere, duka biyun ta saurara.

Da la'asar ta same ni ina jera kaya, ta ce, "Motar ta cika."

Na ga tashin motar da idona. Tumaki biyu ne a baya da wata tsohuwa.

Ta ce daga gobe ita za ta riƙa lodi da shi, ni kuma in riƙa tafiya a gefensa, ƙafa da ƙafa. Na ce to. Na ce maganar gadon nan, bakina ne ya zame. Ta ce, "Albasar da kika saya ta yi kaɗan." Na san ta yafe.

Litinin 17 ga Yuni, da hantsi

Herminia a hagu, shi a dama. Na ga ta zagaya bayan Obispo bayan ya wuce. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Tafiya a gefensa ba wuya. Yana nuna mini furanni kamar yau na fara zuwa. Dogo ya rame, wandonsa na zamewa, tsoho ya yanko masa igiya ya ɗaura. Yanzu baƙi sun daina haki, sun koyi taku gajere, sun koyi yin shiru a hawa. Warinsu da namu ya zama ɗaya.

Talata 18 ga Yuni, da safe

Na miƙa wa tsoho shayi, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Allah ya saka."

Bai ce gishiri ya yi yawa ba. Bai ce komai ya yi yawa ba.

Talata, da yamma

Ya dawo hayyacinsa. Ya ce miyata ko kare ba zai sha ba. Na ƙara masa ludayi biyu.

Laraba 19 ga Yuni, gab da faɗuwar rana

Rubutun yau zai karkace.

Mun sauka a bakin baƙin tafki da rana. An sauke kaya, an saki dabbobi kiwo, Kanela kaɗai aka ɗaure. Tsoho ya ce zai je ya duba kofaton ɗaya daga cikinsu. Na juya in hura wuta, iyakar abin da na yi ke nan, hura wuta. Kafin ruwa ya tafasa gajimare ya sauko ya rufe mu, ko tantin da ke gabanka ba ka gani. Tsoho bai dawo ba.

Muka kira. Herminia na "Baba!", ni ina "Epifanio!", sunan da rabona da kiransa da ƙarfi tun a gaban fadan coci ranar aure. Dogo ya busa usur. Shiru, sai muryoyinmu na dawowa daga dutse. Gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya rami, na san wurin nan sarai, da ma ban sani ba.

Herminia ta ruga wajen Kanela ta kai hannu za ta kwance ƙararrawa don ta kaɗa. Na buge hannun.

"Ba ke ba. Ba yau ba."

"Mama, yanzu ma?"

"Yanzu ma."

Na kwance goɗiyar na ja ta. Ta gaji, ba ta son tafiya, na riƙa janta ina kai da komo a bakin tafki, in ta tsaya in kama madaurin wuyanta in girgiza da hannu. Donya Dalva ta bi bayana riƙe da gefen zanena kada ni ma in ɓata. Ban san tsawon lokacin ba. Na yi wa Uwar Ƙasa alkawari, na yi wa Budurwa alkawari, duk wadda ta riga ji.

Sai ga kunnuwa suna fitowa daga farin hazon. Alfadari ɗaya, sai wani, sai wani. Obispo ne na ƙarshe, yana tafe da tumbinsa. A bayansa, riƙe da jelarsa, babu hula, wando jiƙe har gwiwa, ga tsohona.

Ya dube mu. Ya dubi Kanela ya daɗe. Sannan ya ce, "Tsohuwa, kin bar dabbobi sun watse. Na tattaro miki su."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, madugu."

Miya ta ƙone ƙurmus. Kowa ya cinye tasa, har Dogo ya nemi ƙari.

Alhamis 20 ga Yuni, da yamma, gindin Yanarumi

Ga shi nan a kanmu, fari fat. Iska na dukan tanti. Baƙi sun kwanta da wuri da duk kayan da suka mallaka a jiki.

Herminia ta taya ni wankin tukwane, ta ce a hankali, "Mama, in gobe ya kwance ya dube ni bai san ni ba fa?"

Na ce zai san ki. Ta ce in bai sani ba fa? Na ce sai ki miƙa hannu, ni kuma in tura gwiwar hannunsa, kamar yadda muke yi da igiya. Ta yi dariya tana share hanci.

Ni ma tsoro nake ji. Ga shi na rubuta.

Tsoho ya tsinci duwatsu biyu a bakin rafi ya sa a aljihu, ba wanda ya tuna masa.

Juma'a 21 ga Yuni, da yamma, bayan Yanarumi

Mun tashi da sanyin safiya, ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin kofato. Shi ne a gaba, riƙe da igiyar Kanela, ni a gefensa. Bai yi magana ba duk hawan, ban san ko yana tare da mu ba, ban kuma yi ƙarfin halin gwadawa ba. Donya Dalva ta hau da jiragen mijinta taku ɗaya, hutu ɗaya, amma ta hau.

A saman kowa ya ɗora dutsensa. Ya ɗora biyu. Ya zuba wa ƙasa ɗan giya, ya hura ganyen koka wajen tsaunuka. Sannan ya tsaya a gaban Kanela, ya yi ta tsayuwa, hannuwa a sake. Iska na kaɗa bargonsa. Na fara matsawa kusa da gwiwar hannunsa.

Sai ya kai hannu ya kwance. Dogo ya ɗaga kyamara, matarsa ta sauke masa hannu.

Herminia ta cire hula ta miƙa hannu biyu. Ya dube ta, ya dube ta.

"Herminia," ya ce. "Minita."

Ya sauke igiyar lodi daga kafaɗarsa, ya zaro jan ƙyalle daga aljihu, ya ɗora mata a hannu.

"Dabbobi naki ne, hanya taki ce. Daga yau ke ce madugu, ga shaidu har daga Holan. Ki riƙa zare wa Obispo ƙyalle, ba ya son tsayuwa." Ta fashe da kuka da dariya tare. "Amma ƙararrawa ki sayi sabuwa a Kusko. Kwana biyu za su saba."

"Baba, ai al'ada..."

"Da hannuna na kwance ko ba da hannuna ba? To. Tsohuwa, matso."

Na matsa. Ya sunkuya yana zura madaurin a ɗamarar ƙuguna, yana magana ƙasa-ƙasa, ba ya kallona.

"Ke bahaguwa ce, ƙullinki ta hagu yake kwanciya. Tun zangon farko nake gani a bayan dabbobina. Daga Wayrapata ya koma dama amma ya fi nawa ƙarfi, na ce to, ɓarayi sun zama biyu."

Na ce, "Igiyoyin bana ne..."

"Yi shiru, Zenobia. Shekaranjiya a cikin gajimaren nan ban san tafkin ba, ban san inda za ni ba, sunana ma sai da na laluba. Wannan kaɗai na ji na gane." Ya ɗan taɓa ƙararrawar ta yi ƙara. "Ku kai ni wajen likitan naku, zan je. Amma ke ki riƙa shiga gaba. In kin waiwaya kin ga na tsaya, ki kaɗa."

Ashe duk makonnin nan ni nake ɓoye masa, shi yana ɓoye mini. Na so in zage shi, bakina ya ƙi.

Muka kama gangara. Ni a gaba, ƙararrawa na kaɗawa a ƙuguna, alfadarai biyar sun jeru a bayana, Kanela na hararata don na ƙwace mata sarauta. Herminia na baya tana yi wa dabbobi tsawa da irin muryar ubanta. Shi kuma yana dab da ni, ina jin takunsa, yana cewa tafiyata ta fi ta Kanela muni.

Ƙullin da ya yi mini bai kama sosai ba. Tun a kwanar farko na ji yana sassautawa. Ban sake shi ba. Na dafe shi da hannu har muka sauko.